Ba Zinare Nake Haƙa a Guangzhou Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Gidan Talabijin ɗin da ya nuna ni ina neman taska a ƙasar Sin,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka, har da mutum biyun nan da suka ci tuwona a Guangzhou. Ban kama sunan gidanku ba, ban kuma kama sunan kowa a cikinku ba, domin ba tozarci ya kawo ni ba. Wanda ya kalli shirin ya san inda na dosa, a unguwarmu kuwa na fahimci babu wanda bai kalla ba.

Sunana Sabo, an fi sanina da Sabo mai zif. Shekarata takwas a Guangzhou ina sayen zif da maɓallai da zare a kasuwannin Shahe da Shisanhang, ina aika wa teloli da 'yan kasuwa a Kano. Ni ne mutumin nan mai tumbi da kuka nuna a makon da ya biyo bayan ƙaramar Salla, cikin shuɗiyar babbar riga, a durƙushe a gindin bishiya, hula ta karkace, gumi yana zuba. Na aiko da takarda ofishinku sau biyu ta hannun ƙanena, ban sami amsa ba, shi ya sa na fito fili.

Ranka ya daɗe, bari in fara gaya maka mene ne abin da nake yi, tunda shirinku bai sami damar faɗa ba.

Shekara biyu da suka wuce likita ya auna ni ya ce sukari ya yi mini yawa, in riƙa tafiya a ƙafa kullum. Na gwada kwana uku na bari. Ni tun tasowata ban taɓa fita ba sai da dalili: kasuwa, masallaci, ɗaurin aure, ta'aziyya. In sa takalmi in yi ta zagaye unguwa kamar wanda akuyarsa ta ɓata, wannan na kasa. Wanda ya cece ni wani dattijo ne ɗan ƙasar, Malam Liang, tsohon malamin labarin ƙasa da ya yi ritaya. 'Yarsa ce ke da shagon da nake sayen maɓallai, shi kuma yakan zo ya zauna a gefe yana shan shayi. Yana da ɗan Turancinsa, ina da ɗan nawa, da haka muke lallaɓawa. Da ya ji kukana sai ya nuna mini wata na'ura mai kama da tsohuwar wayar hannu, wadda ake kira GPS, ya ce in biyo shi ranar Asabar.

Wasan da ya koya mini Turawa suna kiransa jiyokashin. Wani zai ɓoye ƙaramar roba mai murfi a wani wuri da yake so mutane su gani, ya rubuta lambobin wurin a intanet. Kai kuma ka sa lambobin a na'ura, kibiya ta riƙa nuna maka hanya, ka yi ta takawa har ka zo kusa, sannan ka nema da idonka. In ka samu, akwai ɗan littafi a ciki, sai ka rubuta sunanka da ranar da ka zo, ka mayar da robar yadda ka same ta. In ka ɗauki wani ɗan abu a ciki, sai ka ajiye wani. Ba a binnewa, ba a haƙa, wannan doka ce ta wasan. Abu mafi daraja da na taɓa samu a shekara biyu shi ne maƙalin mukulli mai siffar kifi, shi ma ido ɗaya ya fita. Ni kuwa maɓalli nake ajiyewa, don shi Allah ya hore mini. Masu wasan a garin nan ba mu da yawa, in muka haɗu teburin shayi biyu ya ishe mu, kuma ni kaɗai ne baƙar fata. Ribar da na ci ita ce wanduna sun fara yi mini yawa, likita ya daina girgiza kai, na kuma san lungunan garin da na shekara shida a cikinsa ban san komai ba sai hanyar kasuwa.

Kafin in ɗora wa kowa laifi, adalci ne in sauke nawa.

A watan Agustan bana, lokacin gasar Olamfik, kun turo mai gabatarwa da mai ɗaukar hoto. Da suka gama a Beijing suka biyo ta nan don su ɗauki 'yan gida mazauna Guangzhou, su kuma yi tsaraba. Na zagaya da su kasuwa kwana biyu. A rana ta biyu mai gabatarwa ya ce ya gaji da ɗaukar alhazai a tsaye a gaban kwalaye, ko akwai wani abu dabam. Ba ni ya tambaya ba, da abokin aikinsa yake magana. Ni na sa hannu a aljihu na ciro na'urar.

Ya tambaye ni sunan wasan da Hausa. Da na ce masa wasan ɓuya ne na manya, da yanzu ina zaune lafiya. Amma na ji nauyin a ce mutum kamata, mai 'ya'ya biyar, wanda ya sauke farali, yana wasan ɓuya. Sai na gyara murya na ce sunansa farautar taska. Na ga idonsa ya buɗe, na ji daɗi, na ɗauka hikimata ce ta burge shi.

Ranar ɗauka kuma, ni da kullum riga mai gajeren hannu da kambas nake fita da su, sai na ciro babbar rigata ta shadda daga ƙasan akwati, a cikin zafin Agustan garin nan da ko a tsaye kake ruwa kake zubarwa. Robar da muka je nema na san inda take, na taɓa samunta tun bara, amma sau uku aka sa ni in yi kamar yanzu na gano ta. A na ukun mai ɗaukar hoto ya ce in ɗaga hannu sama don murna. Na ɗaga, na kuma ƙara da kabbarar da babu wanda ya ce in yi. Da aka sanar da ni ranar da za a nuna shirin, na zauna na bi lambobin wayata ɗaya bayan ɗaya, tun daga mahaifiyata har surukaina da limamin unguwarmu, na ce kada wanda ya kuskura ya bar gaban talabijin. Duk wannan kayana ne, na ɗauka, ban nemi a taya ni ba.

Yanzu ga naku.

Na ɗaya, fartanya. A tsakiyar shirin an nuna hannu yana sarar ƙasa da fartanya, an haɗa shi da hotona a durƙushe, yadda duk mai kallo zai rantse ni ke haƙa. Ranka ya daɗe, shekara takwas ban ga fartanya a Guangzhou ba. Ƙasar da ake sara ja ce, busasshiya, irin ta bayan gari a gida, a gefe ma ana hango kashin awaki. Hannun kuma siriri ne, yana da agogo, ni kuwa kowa ya ga nawa. Ban san ko hannun wane ne ba, amma ina yi masa fatan an sallame shi.

Na biyu, murfin robar. Mun yini muna ɗauka tun hantsi har la'asar, abin da ya fito minti bakwai ne. A gaban kyamara na buɗe robar, na fito da kayan ciki ɗaya ɗaya: ɗan littafi, guntun fensir, ƙaramar motar wasan yara marar taya ɗaya, da maɓallina na bara da har lokacin ba a sami mai so ba. Na faɗa da bakina, fiye da sau ɗaya, cewa babu abin duniya a ciki. A shirinku, murfin yana fara ɗagawa sai aka tafi tallar sabulu. Da aka dawo roba a rufe take, ina rungume da ita ina murmushi, muryar mai gabatarwa tana cewa abin da Alhaji ya gani a ciki ya bar wa cikinsa.

Na uku, kiɗa da sauri. A cikin dogayen gine-gine na'urar takan rikice, kibiya ta yi ta juyawa, dole kai ma ka juya ka jira ta daidaita. Wannan ɗan lokacin kuka ɗauka kuka ƙara masa sauri, na koma ina wulwulawa a tsakiyar titi da babbar riga kamar fanka, kuka sa kiɗan da ake sa wa aljani in zai fito a fim. Wani abokin wasanmu ya taɓa gaya mini cewa duk lokacin da ya ga an nuna wasan nan a talabijin, ɗayan uku ake mai da masu yinsa: ko masu taɓin hankali, ko masu neman dukiyar dare ɗaya, ko mutanen da ya kamata a kira musu 'yan sanda. A lokacin na yi dariya. Ban san ni za a haɗa wa duka ukun ba.

Na huɗu, abin da ya biyo baya a gida. Washegarin nuna shirin mahaifiyata, tsohuwa mai shekara saba'in da ɗoriya, ta sa aka kira mata ni a waya. Tana kuka take tambayata tun yaushe abin ya same ni, me ya sa kuma aka ɓoye mata. Na yi bayani har katin ya ƙare, ta ce ta ji, Allah ya sawwaƙe. Bayan mako biyu wani matafiyi ya kawo mini ƙunshi daga gare ta: garin turare, da rubutu a gora, da umarnin in riƙa turara rigar musamman. Na sha rubutun, domin uwa ce. Wani kawuna da rabona da jin muryarsa tun bikin aurena ya kira ya tuna mini da haƙƙin zumunci, ya ce ba ya neman da yawa, ko ɗan abin da ya maƙale a murfi ne. 'Yata ta biyu ta ƙi zuwa makaranta kwana uku saboda ƙawayenta suna juyawa kamar fanka in ta shigo aji. Wanda ya fi ci mini rai shi ne wani tela da muka fi shekara goma muna hulɗa. Ya kira cikin ladabi ya ce in dai na bar harkar zif in gaya masa da wuri, ya nemi wani, kada Salla ta zo masa babu kaya.

Na biyar, wurin. Na roƙi mai ɗaukar hoto kada ya nuna allon sunan titin, kada kuma ya nuna lambobin da ke fuskar na'urar, domin in kowa ya san inda roba take wasa ya lalace. Ya ce in kwantar da hankalina. Duka biyun sun fito ƙarara. Robar nan ta Malam Liang ce, ya ɓoye ta shekara uku da suka wuce a tsakanin saiwoyin wata tsohuwar bishiya mai kama da ceɗiya, a bakin wani ɗan rafi a tsohon gari, unguwar Liwan. A daidai wurin ne mahaifiyarsa ta yi shekaru tana sayar da wainar shinkafa tun yana yaro. Gidan nasu an daɗe da rushe shi, bishiyar ce kawai ta rage. Ya gaya mini ya sa robar a nan ne don baƙi su zo su ɗan tsaya inda ta tsaya.

Wani ya kwafo shirin a faifai ya taho da shi Guangzhou, aka yi ta sa shi a gidan abincin da 'yan uwanmu ke taruwa. Ba a yi kwana biyar ba, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi mai suna Isuhu da wani abokinsa suka sayi guntun rodi suka nufi Liwan da safe. Suka sami robar, suka ga babu komai, suka ce ai wannan alama ce kawai, ainihin kayan yana ƙasa. Suka fara tonon saiwa. Ba su lura ba cewa a gindin bishiyar ne tsofaffin matan unguwar ke motsa jiki kullum da mahuci a hannu. Tsofaffin suka kewaye su, aka kira mai gadi, mai gadi ya kira 'yan sanda.

Ranka ya daɗe, ka san yadda aka tsananta binciken takardun baƙi bana saboda gasar. Da a ce bizar ɗayansu ta ƙare, da wannan maganar ba ta dariya ba ce. Allah ya taimaka takardunsu na kan ƙa'ida. Da aka tambaye su wa ya aike su, sunana suka kama. Na bar kaya a hannun masu ɗauri na tafi ofishin 'yan sanda. Sinancina na kasuwa ne: na san lambobi, na san launuka, na san ya yi tsada, na san meyo, wato babu. Da wannan jarin na tsaya a gaban jami'i ina bayanin dalilin da zai sa baƙo ya riƙa yawo da na'urar auna wuri yana leƙa gindin bishiyoyi. Na nuna zobena a madadin zinare na ce meyo, na nuna ƙasa na ce meyo, na nuna tumbina na yi tafiya a tsaye don ya gane maganar likita. Mutumin ya yi haƙuri da ni ƙwarai. A ƙarshe 'yar Malam Liang ce ta rufe shagonta ta zo ta yi bayani. Aka gargaɗe su, aka mai da su suka cike ramin da hannunsu, tsofaffin matan suna tsaye a kansu suna nuna inda bai cika ba. Isuhu har yau ba ya amsa sallamata. Ya ce na riga na kwashe, na bar su da wahala.

Robar ta fashe a wurin tonon. Littafin ya faɗa cikin rafi. Sunayen shekara uku ne a ciki, na mutanen garin da na matafiya daga ƙasashe dabam dabam, wasu da rubutun da Malam Liang ba ya ma iya karantawa, amma yakan je lokaci lokaci ya buɗe ya duba. Da na je gaya masa, ban iya zama ba. Ya saurare ni, ya zuba shayi ya turo mini. Sannan ya ce, "Ba komai, Sabo. Su ma ai sun zo sun tsaya a wurin."

Na shida, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Malam Liang ya raka mu ranar ɗauka don girmama baƙina. Ya sa farar rigarsa, ya yi bayani mai kyau a kan tarihin unguwar, na fassara. Ba ku sa ko kalma ɗaya daga maganarsa ba. Kun nuna fuskarsa kusa kusa yana duban na'ura, aka rubuta a ƙasa, aka kuma faɗa da baki, cewa wannan ne bokan Sin da ke nuna wa Alhaji hanya.

Bayan abin da ya faru a Liwan ya ce yana so ya ga shirin, ya gane abin da ya ruɗi mutanen. Na yi ta kawo uzuri har uzuri ya ƙare. Muka zauna a bayan shagon 'yarsa, na sa faifan, ina fassarawa. Da aka zo kan fartanya na ce masa a ƙasarmu alama ce ta mutum mai ƙwazo. Da aka zo kan kiɗan na ce na girmamawa ne. Da fuskarsa ta fito ya matso kusa da allo, ya tambaye ni me aka rubuta. Na dubi dattijon nan da ya koyar da yara shekara talatin da wani abu, wanda ya rage mini ciwo, wanda na jawo wa asarar littafinsa, na kasa gaya masa gaskiya. Na ce masa boka na nufin babban malami.

Ya ji daɗi. Ya maimaita kalmar sau uku, ya ciro ɗan littafin aljihunsa ya rubuta ta da haruffansu. Tun daga ranar, duk Bahaushen da ya shiga shagon, Malam Liang zai miƙe ya dafa ƙirji ya ce, "Sannu. Ni boka." Wasu su ƙyalƙyale da dariya, ya ɗauka murna suke. Makon jiya wani dattijo mutumin Yamai ya zo sayen maɓallai, ya ji haka, ya ajiye kofin shayin da aka miƙa masa, ya yi ta'awwizi ya fita bai sayi komai ba. Malam Liang ya bi shi da kallo, ya juyo ya tambaye ni ko bai faɗi kalmar daidai ba ne. Na ce ya faɗa daidai. A duk abin da na gaya masa game da shirin nan, wannan ce kaɗai gaskiya.

Yanzu kuma ya gayyaci abokan wasanmu shan shayi a ƙarshen wata, yana so a sa faifan kowa ya gani, ni in tsaya in fassara. Ya ce zai gayyato wani ɗalibi ɗan Nijar da ke karatun likita a nan, wanda ke jin Hausa da Sinanci sosai, don ya taimaka mini in na gaji.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da nake roƙo.

Ku sake nuna shirin a daidai lokacin da kuka nuna na farko, ku cire fartanya, ku bar murfin ya buɗe har ƙarshe, jama'a su ga motar da ba ta da taya. Juyawar da na yi a titi ku bar ta in kuna so, ni na yi ta, sai dai ku mai da ita saurin da Allah ya ba ni.

Ku faɗa da baki a cikin shirin cewa babu zinare, babu aljani, babu haƙa, kuma Sabo yana nan yana sayar da zif.

In wani ya sake kawo muku wani abin sha'awarsa da ba ku saba gani ba, ku tambaye shi sau biyu, ko da kuwa shi da kansa yana zuzuta abin kamar yadda na yi. Mutum in ya ga kyamara ba duka hankalinsa ke tare da shi ba.

Mafi girma, ku mayar da bayanin Malam Liang a kan unguwarsu da mahaifiyarsa, yana nan a kaset ɗinku, ku rubuta a ƙasan hotonsa abin da yake: malamin makaranta. Ku ba ƙanena kwafi, akwai masu tahowa kowane mako.

Ko kun yi ko ba ku yi ba, ranar Asabar zan je in zauna a gabansa in gaya masa ma'anar kalmar da yake dafa ƙirji yana faɗa. Wannan ba aikinku ba ne, ni na yi ƙaryar, ni zan warware ta. Na yi kwana uku ina haɗa Turancin da zan faɗa, har yanzu ban sami jimlar farko ba. Abin da nake so kawai, in na gama, in iya ce masa mutanenmu sun gane, gyara yana hanya, kuma wannan karon ya zama ba ƙarya nake yi ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya yi maka jagora a shugabancinka, ya albarkaci gidanku da ma'aikatansa, ya sa abin da kuke nunawa ya zama hujja gare ku. Ina gaida mai gabatarwa da mai ɗaukar hoto, in sun sake biyowa ta Guangzhou tuwo yana nan.

Wassalam.

Naka,
Sabo mai zif,
Guangzhou, ƙasar Sin.